Taruwar ruwan kitse a ƙirjin jariri bayan tiyatar zuciya

Akwai wani siririn bututu da ke tashi daga ciki, ya bi ta bayan zuciya har gindin wuya ta hagu, inda yake juye kitsen da hanji ya tsotsa cikin jini. A jariri siriri ne ƙwarai, don haka yakan ji rauni yayin tiyatar zuciya. Wani lokaci ba a ma taɓa shi ba, gudan jini ne ya toshe jijiyar da yake zuba a ciki. Sai ruwan ya riƙa tsiyaya tsakanin huhu da bangon ƙirji. Likitoci na kiran wannan kailotoraks.

Yawanci ana gane shi bayan an koma shayarwa: ruwan da ke fitowa ta robar ƙirji ya koma fari kamar madara. Idan an riga an sallame ku, saurin numfashi, lotsawar haƙarƙari ko kasa tsotso sun isa ku koma asibiti a ranar.

Haɗarin bai tsaya ga matse huhu ba. Ruwan na tafiya da furotin da ƙwayoyin garkuwar jiki, jariri ya rame, cuta ta riƙa kama shi cikin sauƙi.

Ba da tiyata ake farawa ba. Ana zuƙe ruwan ta roba, a sauya wa jariri madara ta musamman ko nonon uwa da aka cire wa kitse, galibi na mako 4 zuwa 6. Idan bai ragu ba, a dakatar da ci ta baki a ciyar da shi ta jijiya, wani lokaci a haɗa da maganin oktiriyotayid. Uwaye da yawa sukan zargi nononsu. Nonon ba shi da laifi. A ci gaba da tatsa don kada ya ƙafe.

Idan ruwan ya ƙi tsayawa bayan mako 2 zuwa 4, ko yana zuba da yawa har jariri na ƙarewa, sai a koma ɗakin tiyata. Ana shiga ta gefen dama na ƙirji a ɗaure bututun daga ƙasa, kusa da tantanin da ya raba ƙirji da ciki. Daga baya ruwan kitsen yakan sami wasu ƙananan hanyoyi zuwa jini. Ana kuma iya manne huhu da bangon ƙirji don rufe wurin da ruwan ke taruwa. Amma kafin a ɗaure, dole a yi hoton zuciya da jijiyoyi, domin idan toshewa ce ko gyaran zuciyar bai kammala ba, ruwan zai iya dawowa.