Hannu da yawa a kan fayil guda

Yawancinmu ƴan Diffa da muka taɓa aikin manhaja, yaƙi ne ya kai mu gare shi. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 Boko Haram suka kai hari Bosso da garin Diffa. Gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci, aka hana hawa babur, aka tsayar da cinikin tattasai da bandar kifi, alhali da su gidajen bakin kogin Komadugu suke ci. A watan Mayu aka kwashe mutanen tsibiran tafkin Cadi, a Yunin 2016 kuma harin Bosso ya sake koro dubun-dubatar jama'a. Rumfunan zana da leda suka jeru a gefen kwaltar da ta bi ta Diffa zuwa Gigimi. Ƙungiyoyin agaji suna buƙatar sanin gida nawa ne, yara nawa, ina ake samun ruwa. Suka ɗebi matasan da suka yi lakwal kuma suke jin Barbarci da Fulatanci da Hausa. Ni daga Fulatari na fito, ƙasar makiyaya a gundumar Maine-Sorowa, karatu ya kawo ni Diffa, kuma ina cikin waɗanda aka ɗauka.

An ba mu wayoyi masu manhajar KoboCollect, wadda aka gina a kan ODK, aikin da aka fara a 2008 kuma ya girma a Jami'ar Washington ta Amurka. Kana cika tambayoyi ko babu rezo, in ka dawo gari ka aika. Ita kanta takardar tambayoyin a shafin Excel ake tsara ta: layi guda tambaya guda, kowane harshe da nasa gurbi. A nan rikici ya fara. Wani yana gyara fassarar Barbarci, ni ina gyara ta Fulatanci, wani a Yamai, fiye da kilomita 1,300 daga inda muke, ya ƙara tambaya biyu a tsakiya. Kowa ya aika nasa ta WhatsApp. Kafin mako ya zagayo akwai fayil mai suna na ƙarshe, da na ƙarshe na biyu, da na ƙarshe na gaskiya, kuma aikin mutum na kwana da kwanaki ya kan ɓace don wani ya ɗora nasa a kai bai sani ba. Daga baya na gane cewa wannan ciwo ya girme mu duka, kuma kusan duk kayan aikin haɗin gwiwa na masu rubuta manhaja dominsa aka ƙera su.

Maganin farko daga ɗakunan binciken Bell na Amurka ya fito. A 1972 Marc Rochkind ya rubuta SCCS, mai adana kowane sauyi da aka yi wa fayil. Douglas McIlroy da James Hunt suka kawo diff, wadda ta shiga tsarin Unix a 1974: ka ba ta fayil biyu, ta nuna maka layukan da suka bambanta kaɗai. A 1982 Walter Tichy na Jami'ar Purdue ya fitar da RCS. Dabarar wancan zamani kulle ce. Wanda zai yi gyara ya kulle fayil, kowa ya jira sai ya buɗe. Ba a take aikin juna, amma in mai mabuɗi ya tafi hutu, aiki ya tsaya.

A 1985 Larry Wall ya rubuta wata ƴar manhaja mai suna patch, kuma a ganina ita ce ta buɗe ƙofa ga na nesa. Ka gyara layi uku a cikin dubu goma, ka aika layukan ukun nan kaɗai a wasiƙa, wanda ya karɓa ya liƙa facin a nasa kwafi. Layukan sadarwar lokacin ba su da ƙarfi kuma suna da tsada, don haka ƙanƙantar saƙo ita ce komai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a kan tudun rairayi yana ɗaga waya sama don saƙo guda ya fita, ya san darajar wannan tunani.

Labarin da na fi so shi ne na Dick Grune, malami a jami'ar Vrije ta Amsterdam. Yana wani aiki da ɗalibansa biyu, amma lokutansu ba sa haɗuwa: ɗaya ma'aikacin safe zuwa yamma ne, ɗaya ba shi da tsayayyen lokaci, shi kuma malamin sai da maraice yake samun sarari. Sai ya rubuta CVS, ya sake ta ga jama'a a 1986. Ya jefar da kulle. Kowa ya yi gyara a nasa kwafi, manhaja ta haɗa, in mutum biyu sun taɓa layi guda ta tsaya ta ce ku sasanta. Mutum uku ne kawai, matsalarsu kuma irin tamu ce ta Diffa sak. Subversion, wadda aka fara a 2000, ta gyara kurakuran CVS amma ta riƙe ginshiƙinta: akwai babbar kwamfuta guda a tsakiya, kuma ba ka iya ajiye gyaranka a tarihin aiki sai ka haɗu da ita.

Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya sanar da Linux a Agustan 1991, kuma shekara goma cur da faci ta wasiƙa aka tafiyar da aikin. A 2002 masu aikin Linux suka koma BitKeeper, kayan kamfanin Larry McVoy, wanda ya ba su izinin amfani kyauta. A Afrilun 2005 aka ɓata, kamfanin ya janye izinin. Torvalds ya ajiye komai ya zauna rubuta nasa, mai suna Git. Ya fara a ranar 3 ga Afrilu, cikin ƴan kwanaki Git ta fara adana tarihin kanta, a watan Yuni aka fitar da Linux 2.6.12 da ita, a Yuli kuma ya miƙa ragamarta ga Junio Hamano, wanda yake riƙe da ita tun daga lokacin.

Abin da Git ta sauya, kuma ba a cika faɗa wa sabon shiga ba, shi ne kowane kwafi cikakken rumbu ne. Tarihin aiki tun daga layin farko yana cikin kwamfutarka. Za ka buɗe reshe, ka yi gyara, ka ajiye shi da bayani, ka koma baya ka duba abin da aka yi bara, duk ba tare da intanet ba. Sai za ka miƙa wa wasu kake buƙatar rezo, saƙon kuma ƙarami ne. Har akwai umarnin git bundle da ke dunƙule gyare-gyarenka a fayil guda, ka zuba a filash, ka ba direban motar kasuwa ya kai wa abokin aikinka. Idan na je gida Fulatari, da hasken farantin rana nake cika batir, in yi aikin kwanaki, sai na sauko Maine-Sorowa in tura. Mutanen da suka ƙera wannan ba su san da mu ba. Suna neman biyan buƙatar dubban mutane warwatse a duniya ne, sai ya dace da mu.

GitHub ta zo a 2008 ta ɗora wa Git fuska: shafi mai maɓallai, wurin kai rahoton matsala, da hanyar roƙon a karɓi gyaranka bayan an duba shi layi-layi. Microsoft ta saye ta a 2018 kan dala biliyan 7.5, a farkon 2023 kuma ta ce masu amfani da ita sun kai miliyan 100. Ba na musun alherinta, a can na fara ganin cikin ODK da idona. Amma tana damuna ta fuska biyu. Ta sa matasa suna ɗauka Git da GitHub abu guda ne, sai in rezo ya ɗauke su naɗe hannu, alhali rumbun yana gabansu. Kuma ta mayar da aikin duniya hannun kamfani guda, abin da rikicin 2005 ya riga ya nuna haɗarinsa.

Umarnin Git da sabon shiga yake buƙata ba su kai goma ba, mako guda ya isa. Abin da ke ɗaukar lokaci ladabin wurin ne, shi kuma ɗan Fulatari ya taso da shi. Rijiyar gargajiya a ƙasarmu tana da masu ita, zuriyar da ta haƙa ta. Baƙon makiyayi ba ya zuwa ya jefa wasaki haka kawai. Zai yi sallama, ya faɗi daga ina yake da yawan dabbobinsa da kwanakin da zai yi, a ba shi lokacinsa bayan na masu rijiya, kuma da wuya a hana shi. Da gwamnati ta haƙa rijiyoyin siminti da ba na kowa ba, dattawanmu sun ga yadda rigima ta yawaita a bakinsu, mai ƙarfi ya sha, ciyawar kewaye ta ƙare da wuri. Aikin manhaja na kowa da kowa ma yana da masu kula da shi, kuma su ke da ikon haɗe gyara. Ka karanta takardar ƙa'idar da suka ajiye wa masu taimako. Ka duba ko wani ya riga ka kai rahoton matsalar. Ka aika gyara ƙarami mai magana guda, ka rubuta dalilinsa, domin diff tana nuna abin da ka sauya amma ba ta san me ya sa ba. In mai kula ya ce sake, ka sake, yawancinsu aikin sa kai suke yi bayan sun tashi daga nasu aikin. A Linux tun 2004 kowane faci yana ɗauke da sunan wanda ya rubuta da na waɗanda ya bi ta hannunsu, don a san wa za a tambaya in abu ya lalace.

Wani ƙanena da ke Jami'ar Diffa, wadda aka kafa a 2014, ya ce mini: "Yaya, ni da ban ƙware ba, me zan kai musu?" Na nuna masa Masakhane, haɗakar masu binciken harsunan Afirka da aka kafa a 2019, wadda aikinta yake a buɗe a GitHub, da NaijaSenti, tarin saƙonnin Hausa da wasu harsunan Najeriya da Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero ta Kano da abokan aikinsa suka fitar a 2022. A wannan shekarar ne ma'aunin fassara na FLORES-200 ya fito da Hausa da Barbarcin tsakiya da Fulatancin Najeriya a ciki. Barbarcin Manga da ake yi a kasuwar Maine-Sorowa ba daidai yake da na Maiduguri ba, Hausar Damagaram ma ba ta Kano ba ce, kuma wanda zai ga inda jimla ta karkace sai wanda ya tashi da harshen a bakinsa. Na ce masa ya zaɓi jimla guda da ya tabbata ba haka ake faɗinta ba, ya buɗe reshe, ya gyara ta, ya rubuta dalili da Faransanci ko Turancin da yake da shi, ya aika ranar da rezo ya yi kyau.