Shin Fim ɗin Iyali Ya Lalace?

Dattawanmu na Kagara da Wurno da Rabah da Goronyo sukan ce fim ɗin yanzu ba ya kalluwa tare da yara. To, bari mu tambayi tarihi.

A shekarun 1950 motar majigi ce ke kewaya garuruwan Arewa, ana nuna irin su Baban Larai don koyar da noma. A 1976 Adamu Halilu ya mayar da littafin Shaihu Umar fim. Sa'an nan a 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fito da Turmin Danya a kaset. Da Sangaya ya yi kasuwa wajen 1999, sai kowa ya rungumi rawa da waƙa irin na Indiya, labari ya koma baya. Koke-koke suka yi yawa, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Wannan ciwo ba namu ne kaɗai ba. A Amurka, kamfanin Disney ya yi sanyi bayan mutuwar mai shi a 1966, bai farfaɗo sosai ba sai 1989, da ya koma ga tatsuniya cikin The Little Mermaid. Yau kuma ana zarginsa da maimaita tsofaffin finafinansa.

Ashe kwaɗayin maimaita abin da ya sayu shi ne cutar, kayan aiki kuwa sai ƙara kyau suke yi. Mu ɗaliban Hausa, Gizo da Ƙoƙi na nan suna jiran marubuci. Wa zai fara?