Idon Dillali da Idon Kwamfuta

A Sabon Garin Wudil na tashi, kuma kowace Juma'a kawuna yakan ja ni kara in riƙe masa igiya. Dillalin shanu ne. Bijimi zai wuce, ya dubi tozo, ya dubi ƙirji, ya buɗe baki ya ga haƙori, sai ya raɗa mini kuɗinsa a kunne. Da wuya ciniki ya faɗa nesa da abin da ya ce. Ba wanda ya taɓa tara masa shanun duniya ya ce ga su nan, koya. Kowace kasuwa abin da aka koro yake gani, ya yi kirdado, in ya kuskure ciniki ya gyara masa, ya tafi da gyaran Juma'a ta gaba.

Sai da na shiga jami'ar kimiyya da fasaha ta Wudil, wadda yanzu ta ci sunan Aliko Dangote, na ga masu koyar da kwamfuta sun zo sun tarar da kawu a hanya. A tsohuwar dabara, sai na'ura ta bi dukkan misalan da aka ba ta kafin ta gyara kuskurenta sau ɗaya tak. In misalan dubu ne, ba laifi. In sun kai miliyoyi, ƙwaƙwalwarta ba za ta ɗauka ba, kuma lokaci zai ƙure. Mafita ita ce a ɗebo kaɗan, ta gwada, a nuna mata inda ta kauce, ta gyara, a sake ɗebo wani kason. Herbert Robbins da Sutton Monro ne suka aza tubalin wannan lissafi a Amurka tun 1951, amma ya daɗe yana jiran kayan aiki. A 2009 Fei-Fei Li da abokan aikinta suka fito da rumbun hotuna na ImageNet. A 2012 Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da malaminsu Geoffrey Hinton na Jami'ar Toronto suka koyar da na'ura da hotuna miliyan 1.2, suka raba aikin tsakanin katunan hoto biyu irin na masu wasan kwamfuta, suka gama cikin ƙasa da mako guda.

Mu masu Hausa tamu matsalar daban ce: rumbun Hausar ne bai cika ba. Bargery, mai ƙamusun Hausa, ya yi shekaru yana yawo ƙasar Hausa yana tsintar kalmomi kafin ƙamusunsa ya fito a 1934. Google ya sa Hausa cikin fassararsa a 2013. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad na Jami'ar Bayero da abokansa suka fitar da NaijaSenti, saƙonnin Twitter kusan 30,000 na Hausa, kowanne mutum ne ya karanta ya tantance ko yabo ne ko suka ko tsaka-tsaki.

Abin da ke damuna shi ne Hausar kara ba ta cikin waɗannan rumbuna. Na'urar da ta koyi Hausa daga labarai za ta ɗauka “albarka” addu'a ce, alhali mai saniya cewa yake tayin bai yi ba, a ƙara. Ina za ta san la'ada, ko bambancin bunaji da bokolo?

Kawu ya tsufa, yanzu a inuwa yake zama yara na kawo masa labarin ciniki. Da izininsa nakan ajiye wayata kusa da shi ta naɗi maganarsa, da daddare in zauna in rubuce ta. Na cika littafi biyu, ina kan na uku.