Ramzi: Kacici-Kacicin Malamai da Yadda Ake Kwance Shi

Gabatarwa

Duk wanda ya saba duba tsofaffin waƙoƙin ajami da littattafan malaman ƙasar Hausa ya san cewa a kusa da ƙarshe, bayan godiya ga Allah da salati ga Manzo, marubuci kan jefa wata kalma ya ce ita ce ramzin aikinsa. A cikin wannan kalma shekarar da aka gama rubutun take ɓoye. Abin da nake so in nuna a wannan maƙala shi ne, ramzi shaida ce mai ƙarfi ga ɗalibin tarihi, amma fa sai an kwance shi da irin lissafin da mai shi ya ƙulla shi da shi.

Yadda Ake Ƙulla Ramzi

Kowane baƙi na Larabci yana da adadinsa a hisabin abajada: alif 1, ba 2, ya 10, kaf 20, lam 30, nun 50, ra 200, har zuwa 1000. Aikin mawaƙi shi ne ya zaɓo baƙaƙen da jimlarsu za ta ba da shekarar Hijira, ya jera su yadda za su furtu, su kuma hau karin waƙa. Gwani shi ne wanda kalmarsa ta yi fuska biyu, ga ma'ana ga lissafi. Misali, kalmar "shukr", wato godiya, tana da shin 1000, kaf 20, ra 200, jimla 1220. Mai karatu zai ɗauka godiya kawai ake yi, alhali an gaya masa shekara. Haka "nashr", wato yaɗawa, ta ba da 1250. Idan ma'ana ta ƙi samuwa, sai a haɗa baƙaƙen kurum, kamar shin, ra, lam da ba, su ba da 1232, shekarar rasuwar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta yi daidai da 1817.

Tushen Gardama

Na sha halartar zama inda masu ilimi biyu suka dubi kalma ɗaya, kowa ya fito da shekararsa. Abubuwa uku ne ke jawo wannan.

Na farko, hisabin abajada iri biyu ne, na Magrib da na Gabas, kuma sun saɓa a baƙaƙe shida. Malamanmu na Magrib suka gada, inda sodi ke 60, lodi 90, sin 300, zadi 800, angai 900, shin 1000. A na Gabas kuwa sin ne 60, sodi 90, shin 300, lodi 800, zadi 900, angai 1000. Shi ya sa almajirin hisabi a nan ke haddace "aiƙash" a wurin da na Masar ke cewa "aiƙag". Wanda ya ɗauki lissafin Gabas ya auna "shukr" zai sami 520, kuma nan take zai gane akwai kuskure. Haɗarin yana wurin mai gauraya biyun. Ramzi mai shin, ra da sodi 1260 ne, wato 1844, zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. Idan aka ba sodi 90, ya koma 1290, wato 1873. Nana Asma'u ta rasu a 1280, don haka wannan ratar ta shekara 30 ta isa ta sa a raba ta da waƙar da ita ta tsara, a ce an yi ta bayan rasuwarta.

Na biyu shi ne ɗigo. A rubutunmu na warshu, fa tana da ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙaf kuma ɗigo ɗaya a sama. Wanda idonsa ya saba da bugun Gabas zai ga ƙaf ɗinmu ya kira ta fa, ya rubuta 80 a madadin 100. Haka nan ba, nun, ya da ta, jikinsu ɗaya ne a tsakiyar kalma, ɗigo ne ya raba 2 da 50 da 10 da 400. Idan gara ta ci wurin, ko mai kwafa ya yi gaggawa, shekara ta gurɓace.

Na uku, mayar da Hijira zuwa Miladiyya. Shekarar wata ta gaza ta rana da kimanin kwana 11, saboda haka yawanci takan ratsa shekarun Miladiyya biyu. Shekarar 1218 ta kama a Afrilun 1803, amma hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu ta auku ne a ƙarshenta, cikin Fabrairun 1804. Haka 1320 ta fara a 1902, amma Turawa sun ci Kano a Fabrairu, Sakkwato kuma a Maris na 1903.

Hanyar da Nake Bi

Idan na sami ramzi, nakan fara da lissafin Magrib, ina ƙirga baƙin da aka rubuta, ba wasali ba, mai shadda kuma sau ɗaya. Sannan in sake karanta baitin da kyau, domin wani mawaƙin yakan ce a ƙara kaza ko a rage kaza. Daga nan in nemi kwafi na biyu, ko a hannun magada, ko a Gidan Tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato, ko a Arewa House da ke Kaduna. Dole kuma a bambanta ramzin mawallafi da shekarar da mai kwafa ya sa a ƙarshe. Daga bisani sai in tambayi waƙar kanta: wane sarki ta ambata, wane yaƙi, wace rasuwa? Idan lissafi da abin da ke ciki suka saɓa, ba na yanke hukunci.

Kammalawa

Magabata ba su bar mana ramzi don wasa kawai ba. Adadin da aka saƙa cikin baiti ya fi wuyar ɓacewa, domin mai haddace waƙa yana haddace shekararta. Ina kira ga sassan Hausa da na Tarihi a jami'o'inmu da su koyar da hisabin Magrib tare da karatun ajami, kuma duk mai buga tsohuwar waƙa ya nuna lissafinsa baƙi bayan baƙi, domin na baya ya iya bincika shi. Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu amfana da abin da suka bari, amin.