Yadda Suna Ke Rikiɗewa Ya Zama Zagi: Nazari Kan Sunayen Baƙar Fatar Amurka

A shekarar 1930 jaridar New York Times ta sanar da cewa za ta riƙa fara rubuta kalmar "Negro" da babban baƙi. Marubuci W.E.B. Du Bois da NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen Amurka, sun daɗe suna matsa wa jaridu lamba a kan haka, don haka baƙaƙen Amurka suka ɗauki sanarwar a matsayin nasara. Bayan shekara 86, a 2016, Shugaba Barack Obama ya sa hannu a dokar da ta goge wannan kalma daga wasu dokokin tarayya, domin ta riga ta zama abin ƙyama. Harufanta ba su canja ba, ma'anarta ta asali ma tana nan, wato "baƙi" a harsunan Sifaniya da Fotugal. Abin tambaya shi ne, mene ne ya canja?

Masanin halayyar ɗan Adam Steven Pinker ya ba da wani bayani da ya shahara. A ganinsa, muddin ana raina mutane, duk sunan da aka ba su zai kwashi dattin rainin, a sake wani sabo, shi ma ya kwasa. Kamar tsumman goge tukunya ne, kome farinsa da fari, baƙi zai yi. Akwai gaskiya a nan, amma rabinta ce, domin bayanin yana nuna kamar sunayen da kansu suke tsufa. Tarihi kuwa ya nuna cewa kusan duk sauyin da aka yi, masu sunan ne suka tashi suka yi shi, kuma da dalilin siyasa.

A ƙarshen ƙarni na 18 da farkon na 19, 'yantattun baƙaƙe suna kiran kansu 'yan Afirka ba tare da wata kunya ba. Shaida ita ce ƙungiyar Free African Society da aka kafa a Filadelfiya a 1787, da majami'ar African Methodist Episcopal ta Richard Allen a 1816. A wannan shekarar kuma Turawa suka kafa ƙungiyar da ke son kwashe 'yantattun baƙaƙe a mai da su Afirka, wadda ita ce ta haifar da Laberiya. Nan da nan sunan Afirka ya zama makami a hannun masu cewa waɗannan mutane baƙi ne a ƙasar da aka haife su. Sai suka koma ga "Colored", wato mai launi, har aka sami jarida mai suna The Colored American a 1837.

Wannan suna ma bai tsira ba. Bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 1896 da ya halatta wariya, "Colored" ita ce kalmar da aka fi rubutawa a jikin alluna, a bakin famfon shan ruwa, a ƙofar bayan gida, a ɗakin jiran jirgin ƙasa. Wanda ya tashi yana karanta sunansa a allon da ke hana shi shiga wuri ba zai so a ci gaba da kiransa da shi ba.

Faɗuwar "Negro" ta fi sauri. A 1963 Martin Luther King ya yi ta maimaita kalmar a jawabinsa na Washington, babu wanda ya ji ciwo. Amma Malcolm X ya riga ya fara sukarta a matsayin sunan da ubangijin bawa ya raɗa. A 1966 ɗan gwagwarmaya Stokely Carmichael ya ɗaga taken "Black Power" a jihar Mississippi, matasa suka ɗauki "Black", wadda a da faɗa ake yi idan an kira mutum da ita, suka mai da ta abin alfahari. Wannan shi ne wurin da bayanin Pinker ya fi gazawa: kalma mai datti ce aka wanke, ba sabuwa aka nemo ba. A 1988 kuma Jesse Jackson ya yi kira da a koma ga "African American", aka dawo wa Afirkar da aka guje wa tun zamanin kakanni.

Duk da haka tsofaffin sunayen ba su ɓace ƙurmus ba. NAACP, wadda aka kafa a 1909, har yau tana ɗauke da "Colored" a cikin sunanta, kuma sai a 2013 hukumar ƙidayar Amurka ta sanar da daina sa "Negro" a takardunta, domin akwai dattawan da ke kiran kansu haka. A Afirka ta Kudu kuwa "Coloured" sunan al'umma guda ce. Ashe ba a cikin harufa zafin yake ba. Ya danganta da bakin da kalmar ta fito, da wanda ke da iko a kan wani.

Bahaushe bai kamata ya ji wannan a matsayin labarin nesa ba. "Aboki" kalma ce mai daɗi, amma duk ɗan Arewa da ya yi wankin takalmi ko acaɓa a Legas ya san yadda ake furta ta idan ana nufin jahili marar wayewa. Mu ma muna da namu laifin. Mutanen da muke kira Gwari sun daɗe suna cewa sunansu Gbagyi, kuma kowa ya san abin da ake nufi idan an ce wani yana "gwaranci". Haka "nyamiri" ga Ibo. Mai faɗa yakan ce ai haka muka taso muka ji, ba da wata manufa ba. Turawan kudancin Amurka ma haka suka riƙa cewa.

Masu rubutu da masu gabatar da shirye-shirye a rediyo su ne ke da hannu mafi tsawo a nan. Idan al'umma ta faɗi sunan da take so, a kira ta da shi.