Batirin Litiyam

Batirin litiyam nau'in batir ne da ake caja a sake amfani da shi. Shi ne ke cikin wayoyin hannu da kwamfutoci da motoci masu lantarki, kuma da shi ake adana wutar sola domin amfanin dare.

A cikinsa akwai ɓangarori biyu, katod da anod, da ruwan sinadari a tsakaninsu. Idan ana caji, ƙwayoyin litiyam kan bar katod su shige anod, wanda galibi ake yi da girafait, baƙin da ke cikin fensir. Idan batirin na aiki, sai su koma, wuta ta fita ta waya.

Ingancinsa ya dogara ne ga kayan da aka ƙera shi da su. Stanley Whittingham ya fara gwajin irin wannan batir a shekarun 1970. A 1980, John Goodenough na Jami'ar Oxford ya gano katod mai kobalt, sannan Akira Yoshino na Japan ya samar da anod na kabon a 1985. Kamfanin Sony ya fitar da batirin kasuwa a 1991. Masanan uku sun sami kyautar Nobel ta 2019.

Mafi yawan kobalt na duniya daga Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo yake fitowa, ga tsada. Shi ya sa katod na ƙarfe da fosfat ya karɓu: ya fi araha, ya fi jure zafi, sai dai wutar da yake ɗauka ba ta kai ta mai kobalt ba. Ostareliya ce ke kan gaba wajen haƙar litiyam, kuma ana haƙar sa a Jihar Nasarawa.