Tsohuwar Combi: abin da ke sa ta tsada a kasuwar masu tara motoci

Combi, ƙaramar bas ɗin Volkswagen da aka fara ƙerawa a Jamus a 1950, ba baƙuwa ba ce a Nijar. A shekarun 1970 da 1980 matasan Turai sun riƙa ƙetaro Sahara da ita ta Tamanrasset, Assamaka da Agadez, suna kwana a cikinta. Wasu kan sayar da motar a Yamai su koma gida ta jirgi. Yau wadda ta rage a bayan wani gareji tana iya fin sabuwar mota daraja.

Masu tarawa samfuri suke fara dubawa. T1 mai gilashin gaba rabe biyu, wadda Jamus ta daina ƙerawa a 1967, ita ce kan gaba, musamman Samba mai tagogi 21 ko 23. A 2017 an yi gwanjon wata mai tagogi 21 ta 1965 kan dalar Amurka 302,500, wato sama da miliyan 150 na sefa. T2 da ta biyo baya ba ta kai nan ba, balle waɗanda Brazil ta ci gaba da ƙerawa har 2013. Wadda kamfanin Westfalia ya saka wa gado, kabad da rufin da ake ɗagawa takan ƙara kuɗi, muddin kayan na asali ne.

Sai tsatsa, kuma a nan busasshiyar iskar Sahel ta yi rana. Gyaran inji da sauƙi, ƙarƙashin mota da ya ruɓe shi ke cinye kuɗi, shi ya sa sabon fenti ba ya burge mai saye, zargi yake jawowa. Lambar shasi kuwa dole ta dace da ta takardu. Mai irin wannan mota ya duba lambar kafin ya miƙa ta ga masu sayen tsofaffin ƙarafa a Katako.